Tsakanin Sanƙo da Kora: Wane Kai Ya Fi Buƙatar Magani?

Wanda ya wuni a kasuwar Tanut ko ta Balbeji, da wuya ya ƙirga kawunan manya goma da ya gani a buɗe. Hausawa da Dagirawa suna sanye da hula, Abzinawa sun naɗa rawani sun ja amawali har bisa hanci, mata kuwa sun ɗaura kallabi sun yafa mayafi. Kan da ido yake gani babu rufi a ƙasar Damargu, galibi kan yaro ne. Ga kuma al'adar aski: tun ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, wanzami yake fara sa wa mutum aska, kuma magidanci yakan ci gaba da kai masa kansa har tsufa. Mai cikakkiyar suma da mai sanƙo, idan suka tashi daga tabarmar wanzami suka mayar da hulunansu, babu mai iya rarrabe su. Shi ya sa sanƙo ya daɗe a wannan ƙasa bai wuce abin barkwanci tsakanin taubasai ko tsakanin kaka da jikoki ba, har akan rarrashi mai shi da cewa alamar arziki ce.

Zamani ya sauya wannan lissafi. Samari da yawa, musamman waɗanda suka yi karatu a Damagaram da Yamai, ko suka yi ci-rani a Agadas da Libiya, sun ajiye hula sai ranar Juma'a da ranar Salla, suna tara suma suna gyara ta. Wayar hannu kuma ta kawo wa kowa madubi da kasuwa a lokaci guda. Mutum yana ɗaukar hoton kansa kullum, yana ganin gaban goshi yana ja da baya, sannan a Facebook da TikTok ana jera masa hotuna bibbiyu, na farko kai fayau, na biyu suma baƙa wuluk, tare da kwalbar mai ko sunan wani asibiti a Santambul. Daga nan tambayoyi suka taso waɗanda likita shi kaɗai ba zai iya amsa su ba. Sanƙo cuta ne ko halitta? Wanda ya nemi maganinsa ya raina abin da Allah ya hukunta masa ne? Kuma a ƙasar da ake faman neman hatsin da zai kai gida damina, me ya dace mutum ya kashe a kan gashi?

Yadda gashi yake tsira da yadda yake zuba

Kafin a yanke hukunci a kan abu, ya kamata a san shi. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana fitowa daga ɗan raminsa a cikin fata, inda saiwarsa take. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, wajen santimita ɗaya a wata, sannan ya huta kamar wata 3, ya faɗi, wani sabo ya maye gurbinsa daga cikin ramin nan. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne, sabuntawa ce irin wadda itace yake yi da ganyensa.

Sanƙon maza kuwa yana da iyaye biyu: gado da sinadarin mazantaka. Jikin namiji yana juya wani kaso na sinadarin testosteron zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. A kan wanda ya gaji sanƙo, ko ta wajen uba ko ta wajen uwa, saiwoyin gaban goshi da na tsakar ka ba sa jure wannan sinadari. Duk lokacin da sili ya faɗi, wanda zai gaje shi yakan fito ya fi shi sirantaka da gajarta, har a wayi gari ramin ya daina fitar da abin da ido zai gani. A 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, amma idan aka ba su testosteron, waɗanda suke da gadonsa sai ya fara cin kansu. A 1975 likita O'Tar Norwood ya kasa sanƙo mataki 7, kuma da wannan ma'auni likitoci suke aiki har yau. Hula da rawani ba su da laifi a nan, yawan aski kuma ba ya ƙara wa gashi kauri, duk da abin da ake faɗa a bakin kasuwa.

Abin lura shi ne, saiwoyin ƙeya da na gefen kunnuwa ba su cika jin wannan sinadari ba. Shi ya sa tsohon da sanƙo ya share wa tsakar ka yake saura da zoben gashi a kewaye. Sanƙo irin wannan ba ya ciwo, ba a ɗaukarsa daga wani, ba ya hana noma ko kiwo ko karatu. Inda yake ciwo shi ne zuciya, kuma wannan ciwo yana ƙaruwa ko raguwa gwargwadon idon da jama'a suke kallon mutum da shi.

Abin da magani yake iyawa, da inda ya tsaya

Magunguna biyu ne suka fi shahara, kuma dukansu don wata cuta dabam aka fara yin su. Minoksidil ƙwayar hawan jini ce, sai likitoci suka lura masu shan ta suna fitar da gashi, aka mayar da ita ruwan shafawa wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Finasterid kuwa an fara ba da shi a 1992 ga tsofaffin da ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara ya kumbura musu ya tare fitsari, sannan a 1997 aka amince da ƙaramin awonsa, miligiram 1 a yini, domin sanƙo. Aikinsa shi ne rage juyawar testosteron zuwa DHT.

Manoman Maradi da na kudancin Damagaram za su fi kowa fahimtar iyakar waɗannan magunguna. Tun shekarun 1980 suka rungumi sassaben zamani, wato barin kututturen da saiwarsa take da rai ya toho, a rage masa rassa, a kula da shi har ya koma itace. Inda saiwa ta mutu kuwa, ban-ruwa ɓarnar ruwa ne. Haka maganin sanƙo yake: yana farfaɗo da saiwar da ta raunana, yana jinkirta mutuwar wadda ta rage, amma ba ya tayar da matacciya. Ana yin wata 3 zuwa 6 kafin a ga alama, kuma ranar da aka daina, abin da aka samu zai zube cikin watanni. Wanda ya fara ya ɗaura wa kansa kashe kuɗi na shekaru ke nan. Finasterid kuma yana da nasa haraji: kaɗan daga masu shan sa sukan sami raunin sha'awa, a 2025 hukumar magunguna ta Turai ta tabbatar da cewa yana iya jefa wasu cikin tunanin kashe kansu, kuma an hana mace mai ciki taɓa fasasshiyar ƙwayarsa domin tana iya cutar da ɗa namijin da ke cikinta. Irin wannan magani ba na saye a farantin ƴan talla ba ne.

Dashe shi ne mataki na gaba. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana shi a 1939, sannan Norman Orentreich ya yi shi a Niyok a 1952, ya wallafa sakamakonsa a 1959. Ƙa'idar da ya kafa mai sauƙi ce: saiwa tana tafiya da halinta, wato wadda aka ciro daga ƙeya aka dasa a goshi za ta ci gaba da jure DHT kamar tana ƙeya. Ana yin aikin ta hanya biyu. Ko a yanko ɗan tsirin fata daga ƙeya a rarraba shi, a ɗinke wurin, ko kuma a riƙa cirowa gungu-gungu da ɗan ƙaramin bututu, kowane gungu da sili 1 zuwa 4, hanyar da aka bayyana a 2002 kuma ta fi yaɗuwa yanzu. Aikin yana cin sa'o'i da yawa bayan an yi allurar kashe zafi. Gashin da aka dasa yakan zube a makonnin farko, ya fara fitowa bayan wata 3 ko 4, ba ya cika sai an shekara.

Sunan da Hausa ta ba wannan aiki ya faɗi gaskiyarsa. Manomin da ya yi cira a ramin da gero ya yi cinkoso, ya dasa a inda shuka ta ƙi fita, bai ƙara ko ƙwayar iri ɗaya a gonarsa ba, raba abin da yake da shi ya yi. Damargu ta daɗe tana ciyar da Abzin da hatsinta, kamar yadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shaida lokacin da ya ratsa ta a watan Janairun 1851, kuma duk mai rumbu ya san abin da aka ɗiba ba ya komawa da kansa. Ƙeya ita ce rumbun kai. Saiwar da aka cire daga can ta tafi ke nan. Saurayin da ya yi gaggawar dashe yana ɗan shekara 22, alhali sanƙonsa bai gama tafiya ba, yana iya wayar gari da tukku a goshi, fili a bayansa, rumbu kuma ya ƙare. Ga baƙar fata akwai ƙarin haɗari biyu: saiwar gashi mai murɗewa a lanƙwashe take cikin fata, tana saurin yankewa a hannun wanda bai ƙware ba, sannan wasu jikinsu yana yin tabo mai tudu wanda yake ci gaba da girma. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya ta sha yin gargaɗi a kan wuraren da ake karɓar kuɗi da sunan likita, amma waɗanda ba likitoci ba suke riƙe wuƙar.

Sai maganar kuɗi. A ɗauka an nemi yuro 2,000 ladan aikin. Da yake yuro ɗaya sefa 656 ne, kuɗin ya haura miliyan ɗaya da jikka ɗari uku. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairun 2024 jikka 42 ne a wata, wato albashin wata 31 ke nan, ba a sa kuɗin mota daga Tanut zuwa Damagaram, daga can zuwa Yamai, da kuɗin jirgi ba.

Neman gashi butulci ne?

Akwai masu ganin cewa wanda Allah ya hukunta wa sanƙo sai ya haƙura, neman sauya shi raina halitta ne. Wannan magana tana da kyan niyya, amma idan aka bi ta zuwa ƙarshenta za ta hana mai raunin gani sa tabarau, ta hana mai giɓi sa haƙori. Ƙaddara ta haɗa da cutar da kuma maganinta, kuma Hausawa da kansu suna cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku daga Bani Isra'ila, mai albaras da mai sanƙo da makaho, waɗanda aka aiko musu mala'ika ya tambayi kowannensu abin da ya fi so. Mai sanƙon ya roƙi kyakkyawan gashi, domin mutane suna ƙyamarsa. Ba a tsawata masa ba, ba a ce masa ya yi haƙuri ba. Mala'ika ya shafe shi, gashi ya fito, aka ƙara masa da saniya mai ciki wadda ta hayayyafa ta cika kwari. Malamai da dama sun kafa hujja da wannan labari a kan cewa mayar da abin da ya ɓace gyaran aibi ne, ya bambanta da sauya halitta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya cikin Yulin 2007, ta sa dashen gashi ga wanda nasa ya zube, musamman mace, cikin ayyukan tiyata da suka halatta, bisa sharaɗin amfanin ya rinjayi cutarwa, ƙwararren likita ya yi aikin, kuma a faɗa wa mai shi gaskiyar haɗarin. Wannan ya bambanta da ƙarin gashin wani a kan nata, wanda hadisai suka hana, domin a dashe gashin mutum ne yake komawa kansa.

Ta fuskar al'ada ma ba za a ce ado da kai baƙon abu ne a Damargu ba. Abzinawa suna sayen rawanin baba mai ƙyalli da ake bugawa a Kura ta ƙasar Kano da kuɗi masu nauyi, samarin Fulani Woɗaaɓe suna kitsa gashinsu su shafe shi da man shanu, amarya kuwa takan wuni a gaban makitsiya. Wanda ya yaba wa waɗannan, ba shi da bakin kiran mai neman gashi wawa. Baƙin cikin saurayin da goshinsa ya tafi kafin ya yi aure na gaske ne, kuma yi masa dariya ba tarbiyya ba ce.

To amma halaccin abu bai rufe magana a kansa ba. Labarin mutum ukun nan yana da rabi na biyu, kuma a can nauyinsa yake. Bayan sun yi arziki, mala'ikan ya koma wa kowannensu a siffar matalauci mai irin larurar da ya taɓa fama da ita, yana roƙon abin da zai kai shi gida. Wanda ya warke daga albaras ya hana, wanda ya sami gashi ya hana, har suka musa cewa sun taɓa zama haka. Makaho kaɗai ya tuna, ya ce a ɗibi abin da ake so. Biyun farko aka mayar da su yadda suke. Ba a kama mai sanƙon da laifin roƙon gashi ba. An kama shi ne da laifin kawar da kai daga wanda kansa yake kamar yadda nasa yake a da.

Kawunan da babu mai tallar maganinsu

Wane ne wannan matalauci a Damargu ta yau? Malaman makaranta, na boko da na allo, sun fi kowa saninsa, domin kowace safiya suna kallon kawunan yara a jere. Na farko shi ne yaro mai kora. Kora ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, tana cin silin gashi har cikin raminsa, ta bar da'ira mai farin ɓawo da karyayyen gashi. Tana bin aska da mataji da hula da matashin kai, wani lokaci kuma daga kyanwa ko maraƙi ake ɗaukarta. Man shafawa shi kaɗai ba ya kai wa ga saiwa, sai an sha ƙwaya, irin su giriseyofulbin, mako 6 zuwa 8, kuma wannan tsohon magani ne mai araha da yake cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan aka bar ta ta kumbura ta tara mugunya, ko aka shafa mata abin da yake ƙona fata irin man birki, tana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa a kansa ba har abada. Tun 2006 dokar Nijar ta tanadi kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai kora ta fi kama ƴan shekarun makaranta, waɗanda suka wuce wannan iyaka. Yaron da ake kira mai kora, ana gudun zama kusa da shi a aji, shi ne ya fi kama da mutumin da ke cikin hadisi, wanda ya yi kukan mutane suna ƙyamarsa.

Na biyu shi ne yaro mai tamowa. Gashinsa yakan yi ja, ya yi laushi, ya yi tsilla-tsilla, har a tsige shi bai ji zafi ba. Likita Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo a ƙasar Gana ta yau, ta fitar da sunansa kwashiyoko a 1935. Wani lokaci akan ga ratsin haske a tsawon silin gashin yaro, daidai watannin da ya yi bai ƙoshi ba, sai ka ce jiki ya rubuta tarihin yunwarsa. Iyayen da suka ga shekarar 1984, da ta 2005 wadda ta biyo bayan fari da farar 2004, sun san wannan launi a ƙauyukan Tanut da na Tarka, tun kafin Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Jiki magayi, in ji masu iya magana. Gashin irin wannan yaro saƙo ne daga ciki, kuma maganinsa yana cikin tukunya da cibiyar kula da masu tamowa.

Na uku ita ce mace. Mai jego takan ga gashinta yana zuba da yawa wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma galibi yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. Amma idan haihuwa ta bi haihuwa, jini ya yi ƙaranci, zubar takan daɗe, kuma tana iya zama alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, ko ciwon maƙoƙo, ko sauran wahalar doguwar masassara. Akwai kuma cinyewar gaban goshi da gefen kunne da kitso mai tsauri yake jawowa, musamman idan an fara shi tun yarinya tana ƙarama, ko an haɗa da man miƙar da gashi. A farkonsa sassauta kitso ya isa magani, idan ya daɗe kuwa saiwar ta mutu. Duk wannan yana ɓoye ƙarƙashin kallabi, daga mai shi sai makitsiya, kuma abin da yake jawo wa mace a ɗakin aure ya fi abin da sanƙo yake jawo wa namiji nesa ba kusa ba. Haka nan wanda ya wayi gari da ɗan fili sumul kamar kwabo a kansa ko a gemunsa, akan ce sammu ne, alhali garkuwar jikinsa ce ta juya wa saiwar gashi, kuma sau da yawa yakan dawo.

Idan aka jera waɗannan, sai a ga abin mamaki. Zubar gashin da ta fi kowace rashin haɗari ita ce ta fi kowace samun talla da tsadar magani. Waɗanda suke nuna yunwa da cuta da ƙarancin jini, waɗanda maganinsu bai kai kuɗin rago ba, su ne babu mai ɗaukar hotonsu. Dalili a fili yake: kasuwa tana bin aljihu, aljihun kuma yana jikin magidanci.

Hujjar mai dukiya

Mai iya biyan kuɗin dashe yana da abin cewa. Dukiyarsa ce, da guminsa ya same ta, kuma idan ya fasa tafiya Santambul kuɗin ba za su tashi da kansu su shiga asibitin Tanut su sayi maganin kora ba. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hurumin sa wa mutum doka a kan halalinsa. Sai dai halal ma tana da jeri. Ciyar da iyali da maganin ƴaƴa wajibi ne, gyaran goshi kuwa halas ne kawai, kuma ba a taɓa jin inda halas ya sha gaban wajibi ba. Magidancin da yake sayen kwalbar minoksidil duk wata, alhali ɗansa yana sosa kora shekara biyu, ko matarsa tana jiri saboda ƙarancin jini ba a kai ta awo ba, bai saɓa wa wata doka ba, amma ya saɓa wa jerin da hankali da addini suka yarda da shi.

Akwai kuma haƙƙi a wuyan mai sayarwa. Kafin a sayar wa mutum maganin sanƙo, sai an fara sa shi ya ji kunyar sanƙon. A ƙasar da hula da aska suka daidaita kawuna, wannan kunya ba ta da tushe mai zurfi, shigo da ita ake yi tare da kwalbar. Mai tallar da ya ce mansa yana fitar da gashi cikin mako biyu ya yi ƙarya, domin gashi wajen santimita ɗaya yake tsawo a wata, saiwar da ta mutu kuma ba ta jin mai. Wanda ya nuna hoton dashen da ya yi kyau ya ɓoye na waɗanda ƙeyarsu ta lalace, ya ci kuɗin mutane da rabin gaskiya. Al'ummar da ta iya tsufa ba tare da jin kunya ba, wadda take girmama furfura, take kiran mai sanƙo mai arziki, tana da wata dukiya da ba a auna ta da tiya, kuma asarar ta ta fi asarar gashi. Ko a aikin Hajji, inda ake sauke ihrami da aski, malaman fiƙihu sun ce wanda ba shi da gashi ya bi da aska bisa kansa, ya tashi daidai da kowa.

Abin da ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyi

Malamin da ya ga da'irar kora a kan ɗalibinsa yana da abin yi wanda bai buƙatar kasafin gwamnati: ya kira uban yaron a keɓe, ya gaya masa cewa ƙwaya ake sha har mako 6 ko fiye, ya tura shi likita, ya hana ƴan aji tsokanar yaron, ya duba sauran kawunan da suke kwana a tabarma ɗaya da shi. Ƙungiyoyin al'adu, waɗanda suke da bakin magana da sarkin aska da makitsa, suna iya zama da su a kan sabuwar reza ga kowane kai, da wanke aska da mataji, da sassauta hannu a gaban goshin ƙananan yara. Wanzami da makitsiya su ne suke fara ganin abin da hula da kallabi suka rufe, kuma idan suka san jan gashin yaro da zubar gashin mai jego abin kai wa likita ne, za su ceci fiye da gashi. Rigakafi ya fi magani, a nan kuma ya fi shi araha ƙwarai.

Saurayin da goshinsa ya fara tafiya kuwa, abin da ya cancanta shi ne a faɗa masa gaskiya ba tare da dariya ba: magani yana nan, yana da iyaka, yana da haɗari, ana neman sa a hannun likita, dashe kuma rabon abin da ke ƙeya ne, ba a gaggawarsa. Idan ya zaɓi ya nema bayan ya sauke nauyin da ke kansa, bai yi laifi ba. Idan ya zaɓi ya kai kansa ga wanzami ya mayar da hula kamar kakanninsa, bai rasa kome na mutunci ba. Ko wanne ya zaɓa, akwai yaro mai kora a unguwarsu wanda kuɗin maganinsa bai kai na kwalba biyu ta man sanƙo ba, kuma shi yaron ba ya da hular da za ta rufe masa kai.